Arewa: bayan makyarkyata a aji, mantuwa ce ke saura

A Dogon Dutsi ko Tibiri, in ɗaliba ta faɗi tana makyarkyata, sai a ce aljani ne, a nemo mai ruƙiyya ko ƴan bori. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wata cuta mai kama da haka: hannu na rawa, ƙafa ta ƙi tafiya, amma hoton asibiti bai nuna rauni ba. Hankali ne ke tattaruwa kan jiki, shi ya sa rawar kan ragu in an shagaltar da marar lafiya. Darasi kuwa ba ya zama a kai. Malamin aji ya ce lalaci ne, ga BEPC na tafe, ƙwararrun kuma suna Yamai, kusan kilomita 270 daga Dutsi.