Makarantar Uwa: Ɗanki Karatu Yake Yi, Ko Zuwa Kawai?

A wannan watan makarantar firamare za mu leƙa, kuma ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, can bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin, ita za mu ɗauka ta zama madubinmu. Abin da ke damun yaran can shi ke damun na sauran garuruwanmu, sai dai a can ya fi fitowa fili.

Uwargida, yaushe rabonki da ki ce wa ɗanki ɗan aji uku ko huɗu ya karanta miki wani abu? Da yawanmu idan mun yi wa yaro wanka, mun ba shi koko, mun ga ya rataya jaka ya fita, sai mu ɗauka mun sauke nauyi. To, rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ce a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. Da yawa daga cikin waɗannan yara kuwa suna zuwa makaranta.

Duba yaron ƙasar Bagudo. A nan ne Kogin Kwara ke shigowa Nijeriya, kuma a garuruwa irin su Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya da Zagga, Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa suna zaune tare, suna cin kasuwa ɗaya. Tsallaken iyaka kuma Faransanci ake koyarwa a makaranta. Yaro kan tashi da harshe biyu ko uku a bakinsa tun bai kai shekara shida ba, ya iya lissafin canji da naira, wani ma har da sefa. Wa zai ce wannan yaro daƙiƙi ne? Amma ranar da ya shiga aji ɗaya sai ya tarar da Turanci a kan allo, harshen da bai taɓa ji a tsakar gidansu ba. Malam ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi, su kwafa a littafi, a tashi. Shekara na zagayowa a tura shi aji na gaba, ko ya gane ko bai gane ba. Ga kuma damina: idan kogi ya cika ya tumbatsa, kamar ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, hanyar wasu ƙauyukan takan yanke, malamin da ke zuwa daga gari ya kasa isowa, a yi makonni ba darasi.

Mu da muke koyarwa a Islamiyya muna ganin sakamakon da yamma. Sai ki ga yarinya 'yar aji biyar ta haddace izu biyu ko uku, tana karanta Larabci da wasulansa daram, amma ki rubuta mata jimla ɗaya da boko ta tsaya tana kallonki. Kai ɗaya ne, basira ɗaya ce, hanyar koyarwar ce ta bambanta. Tun a makarantar allo, yaro da babbaƙu yake farawa, sannan farfaru, kuma malam ba ya ba shi izinin wanke allo sai ya biya ya ji karatun ya zauna. Wannan tsari na iyayenmu shi ne firamarenmu ta yau ta rasa.

Su kansu masana ilimin boko sun daɗe da gano haka. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa suka fara wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma yana matsayin darasi mai zaman kansa. Yaran sun yi kyau a darussansu, kuma Turancinsu bai faɗi ƙasa da na takwarorinsu ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen uwa ko harshen da jama'ar yankin ke amfani da shi. A maƙwabtanmu Sakkwato da kuma Bauchi, wani shiri da aka fara a 2015 da tallafin Amurka ya samar da littattafan Mu Karanta, waɗanda ke bi da yaro daga sautin harafi zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma, tamkar babbaƙu da farfaru. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen gida har aji shida, sai kuma a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan tsari da komawa ga Turanci, yana mai kafa hujja da faɗuwa a jarrabawa. A nawa ganin, tsarin da ba a wadata shi da littattafai da horarrun malamai ba, ba a yi masa adalci ba idan aka ɗora masa laifin faɗuwar. Amma ko ma yaya manya suka juya, ɗanki ba zai daina girma ba don ya jira su daidaita.

Kada mu raina abin da ke cikin wannan magana. Yarinyar da ta gama aji shida ba ta iya karanta katin asibiti ko ƙa'idar shan magani ba, ita ce gobe za ta riƙe jariri. Kuma uban da ya ga shekara shida sun wuce 'yarsa ba ta iya rubuta sunanta ba, da wane baki za a hana shi cewa boko ɓata lokaci ne, ya hana ƙannenta zuwa?

To, me za ki yi? Da farko ki gwada shi da kanki a wannan makon. Ki nemo rubutun Hausa da bai taɓa gani ba, ko shafin wannan mujalla, ki ce ya karanta miki layi uku ya faɗa miki abin da suka ce. Ko ba ki yi boko ba kunnenki zai gaya miki gaskiya, domin Hausa ce. Idan ya kasa, kada ki zage shi, kada ki kira shi daƙiƙi a gaban 'yan'uwansa. Ki ware minti goma bayan Magariba, yayansa ko wata maƙwabciya mai karatu ta riƙa bi da shi harafi-harafi.

Na biyu, ki riƙa buɗe littafinsa. Akwai jan biron malam a ciki? Yaushe aka duba aikin ƙarshe? Ki tambaye shi ko malam ya shigo yau, kuma su nawa ne a aji. Manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga ɗalibai 35, kuma mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, irin wadda ake samu a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu.

Na uku, ki san haƙƙinki. A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin UBE a 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta mai da karatun shekara tara na farko kyauta kuma dole. Kowace firamaren gwamnati ana so ta kasance da kwamitin al'umma mai kula da ita, kuma mata na da kujera a cikinsa. Ku haɗu ku biyar ko goma, da izinin mazajenku, ku je wurin hedimasta cikin ladabi. Rufin da ke yoyo, rashin makewayi ga 'yan mata, malamin da ba a gani sai ƙarshen wata, duk ana kai kukansu ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya a Birnin Kebbi. Malamin kirki kuwa da ke ƙetare ruwa ya zo ya koyar, ku girmama shi, ku yi masa alheri gwargwadon hali.

Sai kuma namu ɓangaren. Ranar kasuwa da lokacin yankan shinkafa kada su zama ranakun hutun 'ya'yanmu. Idan talla ta zama dole, a bari sai an taso.

Wannan ƙasa ta Gwandu da Sakkwato ita ta ga Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ta iya Larabci, amma ta yi rubutu da Fulatanci da Hausa, ta tura jajis ƙauyuka su koyar da mata da harshen da suke ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, 'yar'uwa. Wadda ta gwada ɗanta ta rubuto mana abin da ta gani, mu ƙaru da juna.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.