Mudu Biyu a Majalisun Gwammaja: Gasar Wasannin Duniya da Matsalar Maguɗi

Gabatarwa

Duk lokacin da aka shiga gasar Olamfik, ko ta ƙasashe rainon Ingila, ko kuwa ta ƙasashen Afirka, akan ga gidajen kallo da teburan masu shayi da majalisun ƙofar gida na Gwammaja sun ɗauki sabon zance. Mutanen da a sauran ranaku ƙwallon ƙafa kaɗai suka sani, sai a ji suna gardama a kan gudu da tsalle da ɗaga ƙarfe da ninƙaya. Mafi zafin gardamar kuwa ita ce wadda kan tashi idan labari ya zo cewa an kama wani ɗan wasa da shan ƙwayoyin ƙara kuzari, an ƙwace lambarsa. In wanda aka kama Ba'amurke ne ko ɗan Rasha, sai a ce Allah ya tona asirin macuci. In kuwa ɗan Nijeriya ne, sai a ce maƙarƙashiyar Turawa ce, don ba sa son ganin baƙar fata a sama. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa awo da mudu biyu irin wannan kuskure ne, kuma wanda ya fi cutuwa da shi shi ne yaron unguwa mai gaskiya.

Lambobi biyu, doka ɗaya

A gasar Olamfik ta birnin Sidni a 2000, 'yan Nijeriya huɗu, watau Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong, sun zo na biyu a gudun miƙa sanda na mita 400 kowane mutum, bayan 'yan Amurka. A 2008 ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa da bakinsa cewa yana shan haramtattun magunguna a wancan lokaci. Saboda haka aka ƙwace zinariyar daga hannun Amurka, kuma a watan Yulin 2012 aka tabbatar wa Nijeriya da ita. Sai dai Sunday Bada ya riga ya rasu a watan Disamban 2011. Ya bar duniya da lambar azurfa, alhali zinariya ce haƙƙinsa. Babu wanda zai ji wannan labari a Gwammaja bai ce an zalunci bawan Allah ba.

To, sai a duba abin da ya faru a Bamingam a 2022, a gasar ƙasashe rainon Ingila. 'Yan matan Nijeriya huɗu sun ci zinariya a gudun miƙa sanda na mita 100 kowace mace, aka yi ta murna a faɗin ƙasa. Daga baya gwaji ya nuna haramtaccen magani a jikin ɗaya daga cikinsu, Grace Nwokocha, kuma a 2023 aka soke nasarar, aka ba Ingila zinariyar. Dokar da ta ɗauke lamba daga Amurka ta miƙa wa Nijeriya, ita ce dai ta ɗauke daga Nijeriya ta miƙa wa Ingila. Wanda ya yi tafi a karon farko ba shi da bakin yin tsaki a karo na biyu. Hausawa kan ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wannan kuwa ba shi ne karo na farko ba. A Delhi a 2010 an ƙwace zinariyar gudun mita 100 daga Damola Osayomi. A Gilasgo a 2014 an ƙwace ta ɗaga ƙarfe daga Chika Amalaha, yarinya 'yar shekara 16, wadda da wuya a ce ita ta nemo wa kanta maganin ba tare da sa hannun manya ba. A Tokiyo a 2021 an dakatar da Blessing Okagbare ana tsakiyar gasa, daga bisani aka yanke mata hukuncin shekara 11. Abin da ya maimaita kansa haka ya wuce a kira shi tsautsayi.

Hujjar masu kare ɗan gida

Adalci ne a saurari masu cewa ana nuna bambanci, domin maganarsu tana da tushe. Tun da aka kama Ben Johnson na Kanada a Siyol a 1988, kwana kaɗan bayan ya gudu mita 100 cikin daƙiƙa 9.79, duniya ta gane cewa manyan ƙasashe su ne kan gaba a wannan ta'asa. Binciken da Richard McLaren ya gabatar a 2016 ya nuna 'yan wasan Rasha fiye da 1,000 sun amfana da wani shiri na ɓoye sakamakon gwaji, da sanin jami'an gwamnati. A 2024 kuma ya bayyana cewa 'yan ninƙayar ƙasar Sin 23 an sami haramtaccen magani a jikinsu a farkon 2021, amma hukumar WADA ta karɓi bayanin cewa daga ɗakin girkin masaukinsu ya gurɓata abincinsu, aka bar su suka ci gaba da gasa. Mai ƙarfi yana da likitoci da lauyoyi, talaka kuwa ba shi da mai tsaya masa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma mai karatu ya lura da inda wannan hujja ta tsaya. Iyakar abin da ta tabbatar shi ne wasu macuta suna kuɓuta. Ba ta wanke wanda aka kama ba. Ɗan kasuwar da aka samu yana tauye mudu a Kasuwar Kurmi ba zai tsira ba don ya nuna cewa akwai wani babban attajiri da ya fi shi tauyewa. Maganin bambanci shi ne a matsa a hukunta manya kamar yadda ake hukunta ƙanana.

Bugu da ƙari, wani ciwon daga cikin gida yake. A gasar Tokiyo an hana 'yan guje-guje da tsalle-tsalle na Nijeriya 10 shiga fage, ba tare da an sami komai a jikinsu ba. Dalili shi ne ba a yi musu gwaji uku na ba-zata da doka ta wajabta cikin wata 10 kafin gasar ba. Wannan sakacin masu tafiyar da wasanni ne, babu hannun Bature a ciki.

Cogen shekaru

Akwai wani nau'in maguɗi da ya fi ƙwaya kusa da Gwammaja, wanda kuma akan yi masa dariya a majalisa kamar ba laifi ba ne, watau rage shekaru. A 1989 hukumar FIFA ta hana Nijeriya shiga gasannin matasa na shekara biyu, ta kuma karɓe damar ɗaukar nauyin gasar matasa ta duniya ta 1991, saboda ranakun haihuwar 'yan wasa uku a Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a gasannin baya. A 2009, lokacin da Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, FIFA ta shigo da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. Hikimar ita ce, akwai wani wurin tsiro a ƙashin da kan haɗe idan mutum ya gama girma, saboda haka wanda nasa ya haɗe sarai, galibi ya wuce 17. A 2016 'yan wasa 26 na sansanin Nijeriya suka faɗi wannan gwaji, kuma Nijar ta fitar da Nijeriya daga wasannin share fage.

Wanda aka fara cuta a nan ɗan gida ne. Duk ƙaton da ya aske gemu ya shiga sahun yara, ya tare gurbin wani yaro na gaskiya mai shekara 16 da ke buga ƙwallo a filin makarantar unguwa, wanda ba zai iya haɗa ƙirji da ɗan shekara 23 ba. Ƙasa kuma takan ci kofin yara, sa'an nan ta rasa manyan 'yan wasa, domin waɗanda aka sa rai za su bunƙasa sun riga sun kai ƙarshen ƙarfinsu.

Darasin fagen dambe

Bahaushe ba ya bukatar wani ya zo daga waje ya koya masa ladabin wasa. A fagen dambe, da zarar hannu ko gwiwar ɗan dambe ta taɓa ƙasa, an yi kisa, kuma ba a ƙara dukan wanda ya faɗi. An haramta cusa ƙarfe ko kwalba a cikin zaren da ake ɗaure hannu da shi, wanda kuwa aka kama da haka ya zubar da girmansa da na ɓangarensa. Wasu kan ce ai 'yan dambe da 'yan kokawa ma suna ɗaura layu da guraye, to mene ne bambancinsu da mai shan ƙwaya? Bambancin a fili yake. Laya a bainar jama'a ake ɗaura ta, abokin karawa yana gani, shi ma yana da tasa, kuma dokar fagen ba ta hana ba. Ƙwaya a ɓoye ake sha, bayan mutum ya sa hannu cewa ba zai sha ba, tana kuma iya lalata hanta da zuciya. Ƙwaya 'yar'uwar ƙarfen cikin zare ce.

Haka nan darajar ɗan wasa ba a lamba kaɗai take ba. A Landan a 2012, Hamadou Djibo Issaka na Nijar, wanda ya koyi tuƙin kwale-kwalen tsere wata kaɗan kafin gasar, shi ya zo na ƙarshe da tazara mai nisa, amma 'yan kallo suka raka shi da tafi har ya kai gaci. Ya koma Yamai babu lamba, babu kuma abin kunya.

Kammalawa

Gwammaja unguwa ce da ta ɗauki gidan Malam Aminu Kano, watau Gidan Mambayya, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a 1983 yana yaƙi da danne haƙƙin mai rauni. Bai dace majalisun irin wannan unguwa su riƙa yi wa ha'inci uzuri don kawai mai yin sa ɗan gida ne ba. Wajibi ne hukumomin wasanni su yi wa 'yan wasa gwaji a kan kari, su kuma hukunta masu horarwa da likitocin da ke ba yara magani. Iyaye su yi wa 'ya'yansu rajistar haihuwa, malaman makaranta da masu ƙungiyoyin ƙwallon unguwa kuma su ƙi sa hannu a takardar da suka san ƙarya ce. Shi kuwa mai kallo, ya tuna cewa yara suna zaune a gefen tabarma suna sauraro. Idan suka ji manya suna kiran macuci mai wayo, to gobe za su kai wannan wayon ɗakin jarrabawa da kasuwa da rumfar zaɓe.