U-28 da Fatar Akuyar Sakkwato

Duk ruwan da yaron Sakkwato ya sani shi ne gulbin Rima, to me ya haɗa shi da jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin teku? Abin da ya haɗa su yana da yawa, kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya cewa ba ma koyar da shi.

Jamus ta fara aiki da jirgin U-28 a 1914, shekarar da Lugga ya haɗe Arewa da Kudu. Ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ranar 28 ga Maris 1915 ya tare Falaba, jirgin fasinja na kamfanin Elder Dempster, kwana ɗaya da tasowarsa daga Liverpool zuwa Afirka ta Yamma. Kwamandan U-28, von Forstner, ya ba mutanen ciki 'yan mintoci su sauka, sannan ya sakar masa makami. Mutum 104 suka halaka, har da wani Ba'amurke, Leon Thrasher, wanda mutuwarsa ta ta da ƙura tsakanin Amurka da Jamus tun kafin a nutsar da jirgin Lusitania.

Shi ma U-28 bai wanye lafiya ba. A Satumba 1917, can arewacin Norway, ya kai wa wani jirgin Ingila mai ɗauke da albarusai hari. Jirgin ya fashe, ya tafi da maharinsa, ba wanda ya tsira a cikin U-28.

Hanyar tekun da Falaba ya bi tamu ce. A wancan zamani, fatar jar akuyarmu da Turawa ke rububi, jakuna da raƙuma ke kai ta Kano, jirgin ƙasa ya sauke ta Ikko, sannan jirage irin Falaba su tsallaka da ita. Da jirage suka yi ƙaranci, kayan Turai suka yi wuya, suka yi tsada. Shekara 12 kacal da cin Sakkwato a 1903, abincin majemi ya rataya a kan yaƙin da ba a shawarce shi ba. Ta teku kuma aka kwashi sojojin Arewa zuwa Gabashin Afirka.

Ina roƙon malaman tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ma'aikatan Gidan Tarihi na Waziri Junaidu su tono abin da takardun Lardin Sakkwato suka rubuta kan kasuwar fata daga 1914 zuwa 1918, su buga mana shi da Hausa.