Ba Kowane Kumburin Ciki Ba Ne Sammu

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu na Gwarzo da Kabo, da cikin mutum ya kumbura sai mu ce shawara ce ko sammu, a dafa sassaƙe, a kira fasto. Addu'a wajibi ce, amma ciwon hanta iri-iri ne. Akwai na hepatitis B, akwai na tsargiyar hanji da yaranmu ke ɗauka wajen wanka a dam.

Likita yakan ƙirga ƙwayoyin da ke daskarar da jini, wato filatilet. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a maikrolita guda. Duk cututtukan biyu na iya rage su idan saifa ta kumbura. Amma a tsargiya, awon AST na hanta yakan zauna kusan daidai, a hepatitis B kuwa yakan hau. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a haɗa awon biyu don gane hantar da hepatitis B ta lalata.

Magungunan ma daban: praziquantel ga tsargiya, tenofovir ga hepatitis B. Don haka gudummawar da zumuntar mata ke tara wa majiyyaci, a fara biyan kuɗin mota da na awo a asibitin Gwarzo da ita, kafin ya soma aman jini.