Sola a kan rufin masu hali ba za ta haska Potiskum ba

Duk wanda ya koka da rashin wuta a Potiskum yanzu, shawara ɗaya ake ba shi: ka sa sola ka huta. An maimaita ta har ta kai ana ganin wanda bai sa ba shi ya ja wa gidansa duhu. Ban yarda da wannan magana ba. Rana kam Allah ya hore mana ita a Yobe, kuma ina son mu ci moriyarta. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora wa kowane magidanci nauyin wutar da ya kamata gari ya samar.

A Ingila mutum kan koma kamfanin da ke sayar da wutar iska ko ta rana bai sayi ko guntun waya ba. Mu ba mu da wannan zaɓi. Kamfani ɗaya ne, YEDC na Yola, ke raba wuta a Yobe da Borno da Adamawa da Taraba. Mai son rabuwa da shi sai ya sayi faifan sola da inbata da batir da kuɗinsa, kayan waje ne da farashinsu ke bin dala, ga shi tun Yunin 2023 aka saki naira. Ko ya saya bai gama ba. Zafin Afrilu da Mayu na rage wa batir kwana, ƙurar hunturu na rufe faifai, bayan 'yan shekaru sai a sake neman kuɗin batir.

Kuma me ƙaramar solar gida ke ɗauka? Fanka, ƙwan fitila, cajin waya. Potiskum ba da fanka take cin abinci ba. Garin kasuwar shanu ne da hatsi da manyan motoci. Mai waldar da ke gyaran bodin tirela, mai injin niƙa, mai ƙanƙarar da ake rububinta da azumi, wuta mai ƙarfi suke bukata. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 janareta ke cinye ribarsu, kuma babu wanda zai iya haɗa solar da za ta ja injinsa daga cinikin yini.

Babbar ɓarnar ma tana gaba. Masu iya sa sola su ne masu bakin da ake ji: manyan 'yan kasuwa, manyan ma'aikata, 'yan siyasa. Ranar da firjinsu ya daina mutuwa, ranar suke daina tambayar me ya sa taransifomar unguwa ta yi wata biyu a lalace. Mun ga haka a kan ruwa. Da famfo ya ƙafe masu hali suka haƙa burtsatse, talaka ya koma hannun 'yan garuwa, maganar ruwan famfo ta mutu. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Shekarar da ta biyo baya aka ware kimanin naira biliyan 10 don sa sola a fadar shugaban ƙasa. Idan Aso Rock ta tsere daga layin, wa zai tsaya ya gyara shi?

Hanya tana nan. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don irin wannan aiki a Najeriya, har da ƙananan tashoshin sola masu ba unguwa ko kasuwa wuta. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta fara samun irin wannan wuta tun 2018, shaguna na biyan abin da suka sha. Shugabannin 'yan kasuwa da masu walda da masu motocin Potiskum su haɗa kai su kai bukatarsu Damaturu: tashar sola ta haɗaka, da mita a kowane shago, a fara da kasuwar hatsi da garejin manyan motoci, sannan a ja waya zuwa gidajen da ke kewaye.