Borin Jinin Yau, Fukar Gobe

'Yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wani sakaci da ya zama ruwan dare a gidajenmu, har da gidajen 'yan boko. Jariri zai ci ƙwai ko ya sha kunun gyaɗa, nan take jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, leɓensa ya kumbura, sai a ce zafi ne, a shafa masa hoda a manta. Bayan shekara huɗu ko biyar, hunturu ya busa, yaron ya kwana yana shessheka, sai a garzaya kemis a sayo maganin tari. Wai shin ba mai tambaya ko abu biyun nan suna da dangantaka?

To, suna da ita. A birnin Melbon na Ostareliya masu bincike sun bi diddigin jarirai fiye da 5,000, suka bayyana a 2023 cewa wanda jikinsa ya ƙi wani abinci yana ɗan shekara 1, haɗarin kamuwarsa da fuka a shekara 6 ya kusa ninki huɗu na sauran yara. Tushensu ɗaya ne, watau garkuwar jiki mai saurin harzuƙa, wadda takan fara da fata, ta bi ta abinci, sa'an nan ta sauka a ƙirji.

Kada kuma wani ya fake da wannan ya hana yara lafiyayyu gyaɗa da ƙwai, kamar masu camfin cewa ƙwai yana koya wa yaro sata. A 2000 likitocin yara na Amurka sun ce a jinkirta gyaɗa har shekara 3, suka janye maganar a 2008. A 2015 wani gwaji a Landan kan jarirai 640 ya nuna saba musu da ita da wuri ya rage ƙin gyaɗa da kusan kashi 80 cikin 100.

Abin da muke nema ba shi da tsada. Yaron da abinci ya taɓa tayar wa bori, a kai shi asibiti, a rubuta a katinsa, a nisanta shi da hayaƙin murhu da na taba, a kasa kunne ga tarinsa na dare. Ku ɗaliban likitanci da jinya, gobe ku za ku zauna a kujerun nan. Ku tambayi uwa abin da ɗanta ya ci, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.