SHARHI: An Gama Maganin Ciwon Daji, Jinya Ba Ta Ƙare Ba

Ranar da likita ya shaida wa mai ciwon daji cewa an kammala magani rana ce ta hamdala ga dangi da 'yan uwa. Akan yi walima, masu dubiya su watse, kowa ya kama gabansa. To amma ga da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah, a ranar ne wata jinyar take somawa, wadda ba kasafai take samun masu dubiya ba.

Dalili kuwa shi ne, maganin da ke kashe ƙwayoyin cutar yana taɓa lafiyayyun sassan jiki. Allurai irin su vincristine da paclitaxel kan lahanta jijiyoyi, mutum ya riƙa jin tafin hannu da na ƙafa sun sage. Cisplatin kan rage ji, ya kuma taɓa ƙoda. Doxorubicin, jan ruwan nan da majinyata suka sani, kan raunana zuciya, wani lokaci sai bayan shekaru abin ya bayyana. Wanda aka yi wa gashi a wuya yawunsa kan ƙafe, haƙora su lalace. Uwar da aka cire wa nono haɗe da kaluluwar hammata hannunta kan kumbura. Saurayi kuma yana iya samun raunin haihuwa. Ga gajiyar da barci ba ya kawar da ita, ga fargabar dawowar cutar.

Abin takaici, maimakon tausayi sai a ji ana cewa wane ya cika raki, ko ya rasa tawakkali, wasu ma su guji cin abinci tare da shi, alhali ba a ɗaukar ciwon daji ta kwano ko musafaha. Wannan jahilci ne, kuma zalunci ne. Annabi Ayyub (AS), wanda da shi ake buga misalin haƙuri, ya kai kukan ciwonsa ga Ubangijinsa, hakan bai rage masa matsayi ba.

Shari'a kanta ta yi sauƙi. Wanda ruwa ke cutar da shi ya yi taimama, wanda tsayuwa ta gagare shi ya yi salla a zaune. Wanda azumi zai illata shi ya sha ya rama, in kuma babu tsammanin samun ƙarfi ya ciyar. Wanda aka maƙala wa jakar bahaya a ciki malamai sun sanya shi cikin masu lalura, ba a raba shi da salla ba. Tunda Allah Ya sauƙaƙa, wa ya isa ya tsananta?

Su kuwa mahukunta, nasu laifin a fili yake. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna sama da mutum 120,000 ne suka kamu da ciwon daji a Nijeriya a shekarar, kusan 80,000 suka rasu. A 2001, a Abuja aka taru, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma Nijeriya mai masaukin baƙi ba ta cika ba. Talaka ya sayar da gona ya je Zariya ko Sakkwato ko Abuja neman gashi, ya dawo babu jari babu ƙarfi, su kuwa manya da zarar sun ji ciwon kai sai Ingila ko Dubai.

Saboda haka nauyi ya hau kan 'yan uwa. Shi wanda ya tashi daga wannan jinya, kada ya yi wasa da ranakun komawa asibiti, ko da yana jin garau. Ya adana takardunsa, ya san sunayen magungunan da aka ba shi, domin duk likitan da zai duba shi nan gaba yana bukatarsu. Haki, kumburin ƙafa, sabon ƙullutu ko ramar da babu dalili, duk abin gaggauta kai wa likita ne. Ya nisanci masu tallar magani da lasifika a bakin masallaci, don ƙodar da ta riga ta jigata ba ta jure gwaje-gwaje. Mai niyyar aure ya yi gwajin haihuwa, ya faɗi gaskiya kafin a ɗaura.

Su kuma matasa, gwagwarmaya ba ta tsaya kan muzahara da wa'azi ba. Kowace unguwa ta san nata majinyatan, a tsara masu kai ziyara, a tara kuɗin mota da na awo, a raka su asibiti, a samar wa wanda aikin ƙarfi ya gagare shi sana'ar zaune. Saurayin da mahaifiyarsa ke fama da kumburin hannu, ɗauke mata jan ruwa da daka shi ne aikin da ke gabansa. Al'ummar da ke da'awar tsayawa da raunana, a nan za a gane gaskiyarta.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa jinyar ta zama kaffara. Wassalam.